Ƙwaryar Baba a Bakin Binuwai

In na wuce ɗakunan ɗaga ƙarfen nan da suka cika Garwa yanzu, na hango samari tun hantsi har azahar suna nishi gaban madubi, tsaki kawai nake ja. Ba mai tambayata, ni da ban gama lekol, makarantar boko, ba. Amma na zauna da wanda ya san abin.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ina fawa a kasuwa, ina kuma kokawa. Mai horar da mu wani tsohon mahauci ne, Baba muke ce masa, gajere, kunnensa ɗaya a lanƙwashe tun kokawar ƙuruciya. Bayan la'asar muke haɗuwa kan yashin Binuwai. Kayan aikin duka buhunan yashi ne da wani ƙarfen tsohuwar motar auduga.

Baba ba shi da agogo, ƙwarya gare shi. In ka ɗan jima kana ɗagawa, sai ya cika ta fal da ruwa ya ce ka miƙe hannu ka riƙe. In ruwan ya kwanta, koma kan buhunka. In ya fara rawa, sai ya faɗi Faransancin da ya iya kaf a duniya: "Sa sufi." Wato ya isa. Ruwan wani kan yi rawa da wuri, na wani ya jima, amma ban taɓa ganin wanda ya kai faɗuwar rana ba.

Wata shekara aka haɗa ni da wani ƙato cikin 'yan dakon tashar jirgin ruwa. Sun daɗe suna kayar da mahauta, har sarkin fawa ya ce in na faɗi a wannan karo zai karɓe samarin mahauta daga hannun Baba. 'Yan dakon nan wuni suke yi ɗauke da dilar auduga, su tashi aiki su ci gaba da ɗaga ƙarfe har magariba. In sun gan mu muna komawa gida rana na sama sai su ce, "Amare, har an gama ɗibar ruwan?"

Abin ya ci mini rai. Na ce, "Baba, ka bar ni in ƙara. Mutumin nan ba ya hutawa."

Ya ce, "Kai mahauci ne ko? Sa da aka koro daga Bibemi a ƙafa, da wanda ya kwana a turke, wanne ke wahalar da ku wajen kayarwa?"

Na ce na turke.

"To sa rigarka. Ɗazu na ga ruwanka."

Na sa, ina ƙunƙuni.

Ranar kokawar, da ƙaton ya kama ni na ji kamar ƙofar ƙarfe ta datse ni. Sau biyu ya kusa ɗaga ni. Na dai kafe ƙafa, muka yi ta juyi cikin yashi. Can sai na ji wani abu a damtsensa, 'yar rawa ƙarama wadda 'yan kallo ba za su gani ba. Na san ta, kullum ita nake gani a ƙwarya. Nawa hannun shiru. Na jira ta ƙaru, na sa masa ƙafa, ya tafi da baya.

Samarin suka zauna hannun Baba har ya rasu. Yau ko sunansa ba a sani ba a garin nan, masu madubi kuwa su ne gwanaye.

Ranar kokawar nan, da na fito daga fili ina haki, Baba ya miƙo mini ƙwaryar cike. Na miƙe hannu na riƙe kamar kullum, ina kallon ruwan.

Ya ce, "Sha, sakarai."