Labarin Mutuwa da Ƙafa Ake Kai Shi: Shekara Shida Bayan Malam Istifanus

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Istifanus Audu, tsohon hedimasta, maƙwabcina katanga ɗaya a Tudun Wada. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan je in gaishe da iyalinsa, in koma shagona in ci gaba da sayar da tayoyi da kayan gyaran babur. Bana gaisuwar ba ta ishe ni ba, saboda abin da ya faru a unguwarmu watan jiya.

Shi ne ya buɗe mana zauren unguwa a waya, wanda yara ke kira guruf. Kwata ce ta toshe a wata damina, ruwa yana shiga gidaje, tara mutane kuma ya gagara. Muka fara mu kamar arba'in: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan acaɓa, masu shaguna, na masallaci da na coci. Kwana uku da buɗewa ya shigo shagona da takardar da ya yago daga littafin rubutu, ya jera dokoki da jan biro irin na duba aikin ɗalibai.

Na ce, "Malam, waya ce fa, ba aji ba. Saura ka kawo bulala."

Ya ce, "Alhaji, a aji ina ganin fuskar wanda ya yi surutu. A nan ba na gani. Karanta ka sa hannu, kai ne admin na biyu."

Yawancin dokokin ba su da wuyar ganewa. Ba a taɓa addinin kowa, ba a tura jita-jita, talla sai ranar Asabar, wadda na tabbata saboda ni ya rubuta ta. Amma akwai guda da ya ja wa layi biyu: ba a sanar da mutuwa ko haɗari a zauren nan, ba a sa hoton gawa, sai an je gidan da ƙafa an faɗa wa masu abin, sun ba da izini. Wanda ya karya, admin zai raka shi har gidan ya ba da haƙuri. In ya ƙi, a cire shi, ko wane ne.

Na tambaye shi me ya sa wannan ta fi sauran. Ya tuna mini abin da na sani tun ina yaro. Manya biyu ko uku ake tashi, su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, a gaisa, a kawo ruwa. Su fara da cewa jikin wane ya yi tsanani. Su ɗan dakata zuciya ta shirya, su tabbatar akwai mace a kusa da uwar. Sannan su faɗa. Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Wannan ba ta da hannun da za ta tare wanda ya faɗi."

A kansa dokar ta fara nuna amfaninta. Ranar wata Talata ya yanke jiki ya faɗi da safe, kafin azahar ya cika a asibiti. 'Yarsa Rahila ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, tana da tsohon ciki, kuma tana cikin zauren. Unguwa gaba ɗaya ta sani, ƙofar gidansa ta cika da takalma, kowa da waya a aljihu. Na ɗauki wani dattijon cocinsu da matarsa a motata muka kama hanya. Duk tsayawar da muka yi sai na duba zauren a wayata. Daga azahar har bayan la'asar, mutum fiye da ɗari, babu wanda ya rubuta ko harafi. Sai da Rahila ta zauna, matar dattijon ta riƙe ta, aka faɗa mata, sannan na rubuta sanarwar da hannuna. A lokacin ban ɗauki shirun nan a bakin komai ba. Na zaci haka mutane suke.

Bayan Malam zauren ya dawo hannuna, kuma gaskiya ɗaya ce, na riƙe shi irin riƙon ɗan kasuwa. A kasuwa yawan jama'a riba ne. Na buɗe ƙofa, kowa ya jawo nasa, har daga Hanwa da Kongo, muka haura ɗari takwas. Talla ta koma kullum, tawa a gaba. Takardar jan biro ta nutse ƙarƙashin hotunan atamfa da filayen sayarwa, ban sake tura ta ga sababbin shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa na tsaga bangon.

Watan jiya, wajen ƙarfe goma na safe, tirela ta murƙushe wani keke Napep a hanyar Kongo. Direban keken Nura ne, magidanci mai ɗa ɗaya, ɗan Inna Ladi mai waina da ke bakin layinmu. Wani da ke wucewa ya tsaya ya ɗauki bidiyo, ya kusanto da wayar har kan gawar, ya tura zauren, ya rubuta a ƙasa cewa a yi hattara hanya ta cunkushe.

Ina sauke kaya a lokacin, ban duba waya ba sai bayan kusan rabin awa. Abin da na tarar ya fi bidiyon tayar mini da hankali. Saƙonni jere reras, Innalillahi a kan Innalillahi, ga 'yan hotunan fuska mai hawaye, wani yana tambaya ko akwai wanda ya fi wannan fitowa sosai, wata ta sako tallar turaren wuta a tsakiya. Cikinsu akwai waɗanda suka gane Nura sarai, har suna ambaton sunansa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko uwarsa tana ciki. Tana ciki kuwa. Ni na sa ta, don ta riƙa samun masu odar waina.

Inna Ladi ba ta iya karatu ba, amma ta iya danna bidiyo. Tana gaban tanda ta buɗe. Sai ga saƙon murya daga gare ta, na daƙiƙa goma sha ɗaya, ana jin ƙarar mai a tanda a bayansa: "Jama'a, don Allah, wannan shuɗiyar rigar kamar ta Nura. Wani ya faɗa mini ba ita ba ce."

Zauren da ya yi rabin awa yana tafasa ya yi tsit. Mutum ɗari takwas, babu wanda ya amsa mata, babu kuma wanda ya tashi ya je. Da na isa da gudu na tarar maƙwabta suna zuba mata ruwa. Ta faɗi ita kaɗai, hannunta na dama ya sauka cikin tanda. Har yau a naɗe yake.

Wanda ya ɗauki bidiyon ƙanena ne, Sabo, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan jana'iza na kira shi gefe na nuna masa hoton takardar Malam, wanda sai da na sha wuya kafin na lalubo shi. Na ce ya shirya mu je gidan Inna Ladi.

Ya ce, "Yaya, ni na kashe shi? Taimako na yi, hanya na gargaɗi mutane. Kowa fa yana turawa yanzu, zamani ne. Kuma wannan takardar ta mamaci ce, yau na fara ganinta."

Wannan ta ƙarshe ta same ni, don gaskiya ya faɗa, kuma laifina ne. Na ce masa ya gan ta yanzu. Ya ce in na cire shi a gaban unguwa, in san na yanke zumunci da hannuna. Yayarmu ta kira ni tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na kwana biyu ina juya maganar. Na riƙa tambayar kaina me Malam Istifanus zai ce in ya ga zauren da ya buɗe don gyaran kwata ya zama wurin da uwa ke gane gawar ɗanta ta launin riga. Ba na jin zai zagi waya, shi da ya koyi amfani da ita yana da shekara saba'in. Ba na jin zai fara da Sabo ma. Ni zai duba ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, ina takardar da ka sa wa hannu?" A ƙasan dokar kuwa ga abin da ya rubuta nan: ko wane ne.

A rana ta uku na fara da kaina. Na je gidan Inna Ladi na durƙusa na ce ni na saki ƙofar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, mutuwa ta Allah ce, na karɓa. Amma da ko mutum ɗaya ya zo ya ce mini Inna zauna." Ba ta ƙarasa ba.

Daga nan na cire Sabo, na rubuta dalili a fili. Na rufe ƙofar shiga sai da sanin admin, na ƙara admin huɗu, biyu mata. Na maido da takardar jan biro saman zauren, na sa aka karanta ta a saƙon murya saboda irin su Inna Ladi, abin da ya kamata a yi tun farko. Wasu sun ce na cika tsauri, sun fita. Allah ya raka taki gona.

Malam bai bar gidan bene ba, bai bar sunansa a kan titi ba. Takarda ɗaya ya bari, ita ma na kusa salwantar da ita. Amma yanzu na gane shirun ranar Talatar nan ba halitta ba ne, koyar da shi aka yi, kuma abin da aka koyar in ba a maimaita ba mantawa ake yi. Zumunci a ƙafa yake, in ji magabata, Malam kuwa bai yarda waya ta sauke wa ƙafa wannan nauyin ba.

Sabo bai gaishe ni ba har yau, ban kuma maido da shi zauren ba. Sai dai ranar Juma'ar da ta wuce ina dawowa daga masallaci na bi ta ƙofar gidan Inna Ladi, na ga takalma a bakin zaure, sawu ɗaya. Na san su, tare muka saya ni da Sabo. Ban shiga ba, ban kuma rubuta wa kowa ba.