Sitika Shida da Suka Ɓace a Jakata

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne. A layinmu kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma wayar hannu, da kekunan lantarki suka cika gari kuma ya koma kan batirinsu. Shagonsa a ƙarƙashin wani bene yake, ɗan ƙuntatacce, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Yakan fasa mataccen batir, ya gwada ƙwayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da waɗanda suka lalace, ya cusa wasu da ya ciro daga tsofaffin kwamfutoci, ya naɗe da baƙin salatif. Masu kai saƙo a keke suna ji da shi, don yana tayar musu da abin da kamfani ya ce a jefar.

Shi ya tsaya mini har na gama makarantar fasaha. Ranar da na samu aiki a ofishin gwajin batir, sai da ya zagaya layi yana ba da labari kamar shi aka ɗauka.

Ba a jima ba gobarar batir ta yawaita, aka kafa doka. Duk batirin keke sai an gwada shi an liƙa masa sitika mai lamba. An hana caji a kan hanyar fita daga gida. Masu gyara kuma sai sun yi kwas, sun ci jarrabawa, kafin a ba su lasisi.

“Kawu, sati biyu ne fa kawai,” na ce masa.

“Sati biyu? Shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma, yanzu mai farar riga zai zaunar da ni a benci? ’Yar nan, ke ma kin zama hukuma, ko?”

Ya yi dariya, ni ma na yi, maganar ta wuce. Amma aka fara tare masu keke a hanya ana ƙwace batirin da ba shi da sitika, shagon Kawu ya koma shiru.

Wata Asabar na je gaida Umma, na tarar da shi a falo. Na ajiye jakar aiki na shiga ciki. Ran Litinin na duba jakar, na ga sitika shida babu. Na san ba iska ce ta ɗauka ba. Na daɗe zaune da biro a hannu, daga ƙarshe na rubuta wai sun yage ne na zubar.

Bayan sati uku, da tsakar rana, aka tura ni wani gida da aka yi gobara. Wani mai kai magani ne da ake kira Dogo ya jona kekensa a gindin matakala ya hau cin abinci. Batirin ya fara hayaƙi yana tartsatsi. Tsohuwarsa tana sama, hanya ta toshe, sai ta taga ’yan kwana-kwana suka sauko da ita. Shi kuwa Dogo da hannu ya ja keken waje yana ci da wuta.

Na tsuguna a cikin ruwa da toka. Ga narkakken salatif, ga ƙwayoyi kala-kala da ba kamfani ɗaya ya yi su ba. A gefen murfin akwai rabin sitika. Ban buƙaci duba littafi ba, na san lambar. Abokin aikina yana tambayata ko lafiya, na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Na tarar da Kawu a kan kifaffen bokiti, ƙofar shago rabi a rufe. Labari ya riga ni zuwa. Bai ɗago ba.

“Sauran biyar suna ina?” na tambaya. Ko gaishe shi ban yi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ya lissafa mini su da ka, mutum da inda yake tsayawa. Muka bi su ɗaya-ɗaya a yammacin nan muna karɓe baturan. Na huɗu ya riƙe kekensa gam.

“Haba Injiniya, ga sitika a jiki, mene ne kuma?”

“Aikina ba shi da kyau,” in ji Kawu, idonsa a ƙasa. “Sitikar ma sato ta na yi. A jakar ’yata.”

Mutane suka juyo suna kallona. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari muka je asibiti. An naɗe hannayen Dogo har gwiwa. Yana ganin Kawu ya yi ƙoƙarin tashi zaune.

“Injiniya, ka zo da kanka? Ai laifina ne, an ce kada a yi caji a hanya, ni na ƙi ji.”

Tsohuwar Dogo ta miƙo wa Kawu kujera, ya kasa zama. Ni na gaya musu gaskiya, duka, har da abin da na rubuta da hannuna. Ba wanda ya zage mu. Tsohuwar dai ta janye kujerar a hankali.

A ofis ma na faɗi komai. Aka dakatar da ni wata uku, aka garƙame shagon Kawu. Umma ta yi sati ba ta ambaci sunansa ba. Sai wata rana ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, ya ce a kira ni.

“Ba girman kai ba ne ya hana ni kwas ɗin nan,” ya ce, yana murza hularsa. “Karatu ne ba na iyawa. Lambobi kawai na sani. Na ji kunyar ki sani.”

Mutumin da ya saya mini kowane littafi da na karanta, ban taɓa lura bai buɗe ko ɗaya ba.

Watannin da na yi a gida ni nake karanta masa takardun kwas, yana gyara mini inda masu rubutun ba su san aiki ba. Da aka yarda a yi masa jarrabawa da baki, ya faɗi a karon farko, ya ci a na biyu. Bai sake buɗe shago ba. Yanzu yana aiki a wurin da ake tara matattun batura, yana binne masu kumburi a cikin gangunan yashi.

Dogo ya koma aiki, sai dai yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa. Yakan bi ta ƙofar wurin, wani lokaci ya ɗaga hannu, wani lokaci ya wuce. In ya ɗaga, Kawu yakan amsa kansa a sunkuye, ya nemi wani abu a bayan ganguna ya yi ta dubawa har keken ya sha kwana.