Sa Hannun Verna Hruska

Bara war haka na koma gida daga filin tserenmu, mil arba'in cur, da robar hanya maƙale a ƙarƙashin motata. Irin masu tsinin nan ruwan lemo da muke jerawa mu fitar da hanya. Tun daga garin Kearney nake jin ƙauri, ina ta zagin manoma wai suna ƙona juji. Sai da matata ta leƙa ta ce, "Lonnie, yaushe motar ta haihu?" Abin da ya faru kuwa, na kashe na'urar nan da ke kama mota idan ta fara zamewa, wadda muke kira mai reno, don kada a ce gardi kamata da jagora yake tuƙi. A kwanar hanya ta uku na yi juyi biyu, na kwashe robobi tara. Takwas aka tsinta.

Wadda ta ƙirga su ita ce Verna Hruska, kuma har yau in ta gan ni sai ta tambayi lafiyar ta tara.

Shekararta sittin da takwas. Talatin da ɗaya daga ciki ta yi su tana jan motar 'yan makaranta a hanyoyin gonakin masara, ƙanƙara ko laka, ko madubi ba ta taɓa gogewa ba. Mijinta Emil ne ya kawo ta cikinmu. Shi ya rasu, ita ta zauna mana. Ita ce mai kula da tsaro: mota ba ta motsi sai ta zagaye hanya ta sa hannu a takarda. Ba takarda, ba inshora, kuma masu filin baje kolin gunduma su sa kwaɗo a ƙofa. Shi kaɗai ya rage mana. Filin kwaleji ya kuɓuce mana tun ranar da wani ya gama tsere bai gama gudu ba, ya fita ta shinge.

Tana tuƙi ita ma, fa. Wata 'yar ƙaramar mota, mai reno a kunne, kullum ta ƙarshe. Shekara tara ba ta taɓa kayar da roba ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Lahadin ƙarshen Agusta ni ne da tsara hanya. Mako uku na yi ina zane a teburin kicin. Na ƙare ta da miƙaƙƙen layi, sannan kwana guda mai daɗi, a shiga da gudun mil saba'in a fito ana ihu. A bayan kwanar na sa tasha ta biyar, inda masu tayar da robobi za su tsaya. A wajenmu duk wanda ya tuƙa sai ya yi nasa tsayuwar a fili yana tayar da robobi, likita ne ko mai gyaran famfo.

Verna ta zo da 'yar tayarta ta awo, tana turawa kamar mai neman allura. Ita ba ta tambayar inda mota za ta bi. Inda za ta faɗa idan direba ya yi wauta, shi take nema. Ta tsaya a tasha ta biyar, ta dubi layin, ta daɗe.

"Ina Duane zai sauka?" ta ce.

Duane Stoltz likitan haƙori ne. Ya sayi sabuwar mota mai ƙarfin doki ɗari shida, kuma tun daga garejin gidansa yake kashe mai reno.

"Ranki ya daɗe, Duane babba ne."

"Ƙafarsa ta dama ba babba ba ce."

"Ƙafa tamanin ne daga kwana zuwa nan. Littafin dokokinmu saba'in da biyar ya ce. Har na yi miki gyara."

"Littafi bai ga Duane ba. Karya layin nan, ko ka ɗauke tashar."

In na karya layin, hanyar ta zama zagayen kasuwa. In na ɗauke tashar, ba mai ganin kwanar, dole a sake jera rabin fili. Ƙarfe tara da rabi ta yi, direbobi sittin da hular kwano a hannu suna gasuwa a rana, wani har ya fara danna hon. Duane ya ƙwalo daga nesa, "Anti Verna, mu ba 'yan firamare ba ne!"

"Su ai suna jin magana," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na bi ta da lissafi. Na bi ta da tarihi, shekara ashirin ina wannan abu. Na ce motocin yanzu su ke tuƙa kansu, ko kana so ka zame ba za su bar ka ba. Ta ce na'ura ba ta ƙara wa taya ƙarfi, kuma wadda aka kashe ba ta aiki, in ina shakka in tambayi ta tara. Na ce zan kira taro a cire ta. Ta miƙo mini biro da takardar ta ce, "Sa naka hannun." Na mayar da hannuwana aljihu.

Can sai ta yi ajiyar zuciya, kamar ta gaji.

"To, Lonnie, zan sa hannu. Sharaɗi ɗaya. Ba mutum a tasha ta biyar. Je ka ɗauko jar motarka ka ajiye a nan, daidai kan allin da ka zana, ta wuni."

Jar motata. Shekara shida na yi ina haɗa ta, ƙusa bayan ƙusa. Fentin kaɗai sau uku aka yi.

Bakina ya riga ni. "Haba, Anti, kina cikin hankalinki? A nan? Duane na zuwa da saba'in?"

Ta rufe biron, ta soke shi a gashinta.

"Ashe ka san inda zai sauka. Motarka ce ba za ta iya tsayawa a nan ba, sai mazajen mutane. Ɗauki robobinka, malam, kuma yau da hannu, ba da salansa ba."