Gidan da Ba Ya Kwana da Baƙo

Shekarun baya na gano wata gaskiya da malaman tarihi suka yi ta kewayawa ba su taɓa ta ba. Ba yaƙi ne ke rushe daula ba, ba fari ba, ba ma zaluncin masu mulki ba. Daula tana rushewa ne ranar da aka fara tambayar baƙo kwana nawa zai yi. Na gano haka a bakin wani get a bayan garin Dubai, rana tsaka, ina rungume da kular tuwon shinkafa.

Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Karama da iyalina. Mahaifiyata ta riga ni zuwa garin nan da daɗewa. Tun ina sakandare take sarin leshi da turare a Murshid Bazaar tana aikawa Kano, har ta kama wani tsohon fulat a Al Ras ta zauna. A wurin mai gidan, fulat ɗin ɗaki biyu ne. A aikace kuwa masauki ne. Duk matar da ta sauko daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, in ba ta san kowa ba, to ta san Hajiya. Ana kwana a falo, ana kwana a kan dilar kaya, na taɓa tarar da wata baiwar Allah a kicin ta yi matashi da buhun shinkafa. Ba a biyan ko sisi. Hajiya ta ce ranar da ta fara zuwa, wata tsohuwa 'yar Sudan ce ta tsince ta a bakin ruwa tana kuka, ta kai ta ɗakinta, kuma ba ta taɓa tambayarta yaushe za ta tafi ba.

Matsalar ita ce bene. Hawa na uku ne, lif ɗin kuma yana aiki ne in ya ga dama. Wata rana Hajiya ta zame a matakala, ta yi kwanaki a asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka sake irin wannan faɗuwar ƙugu ne zai tafi, kuma a shekarunta ƙugu in ya tafi ba ya dawowa.

A wannan halin ne abokina dillali ya kai ni wata sabuwar unguwa da aka gina musamman don waɗanda suka haura shekara hamsin da biyar. Gidaje a ƙasa, babu ko matakala ɗaya. Ga ƙaramin asibiti, ga wurin iyo, ga ajin motsa jiki, ga maɓalli a gefen gado da za ka danna nas ta zo. A hoton tallar, Turawa ne masu furfura a kan kekuna suna dariya, kamar ba su taɓa jin labarin ciwon baya ba. Kowa na iya saya, amma sai mai shekarun ne zai zauna. Na haɗa abin da na tara da abin da banki ya yarda ya ba ni, na saya da sunana.

Dokokin unguwar na karanta wa Hajiya su tiryan-tiryan, don ni mutum ne mai girmama rubutu. Baƙi ba sa wuce biyu a lokaci guda. Ba sa wuce 'yan kwanaki. Ƙaramin yaro kuwa ba ya kwana sam. Gargaɗi biyu ake yi, a na uku sai a karɓe katin shiga na mazaunin.

Ta ce, "To."

Na ce, "Hajiya, kin dai ji ko?"

"Malam, gwiwata ce ta lalace, ba kunnena ba."

Malam take ce mini, don ni ne ɗan fari, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ni kuwa, da duk karatuna, na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin amincewa.

Makonnin farko har na fara yi wa kaina kirari. Hajiya ta shiga ajin motsa jiki da hijabinta, tana ɗaga hannu tare da wata tsohuwar Baturiya, ba mai jin yaren wata amma kullum suna hira. Kumburin ƙafarta ya sauka. Sai kuma labarin inda take ya isa Kano.

Gargaɗin farko ya zo ne bayan mata biyar sun sauka da jakunkuna. Na biyu kuwa motar masu aika kaya gida ce ta jawo shi, ranar da aka zube dila a kan ciyawar da ake shayarwa safe da yamma, ana ɗinke ta da babbar allura a gaban masu iyo. Hajiya ta aika wa manajan unguwar dambun nama da turaren wuta. A wurinta doka mutum ce, tana da uwa, tana da ciki, ana iya gaishe ta. Manajan, wani Ba'indiye mai ladabin da ke sa ka ji kunyar yin fushi, ya yi godiya, ya cinye dambun, ya aiko da gargaɗin.

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Hajiya, saura ɗaya. In suka karɓe katin nan, irin benen Al Ras za ki koma. Don Allah ki tausaya mini."

Ta daɗe tana jan carbi. Ba ta ce "to" ba ma wannan karon.

Wata Juma'a ce cikin tsananin zafi, irin wanda in ka fito daga mota gilashin idonka yake yin gumi. Na kawo mata tuwon da matata ta yi. A bakin get na ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, goye da jariri, ga tsohuwar jaka a gabanta. Mai gadi yana ta ce mata, "Mamnu', mamnu'," wato an hana, ita kuma tana ta maimaita sunan Hajiya kamar addu'a. Da na yi mata Hausa sai ta fashe da kuka. 'Yar wata aminiyar Hajiya ce da ta rasu. Mijinta ma ya rasu, ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗinta ta zo gwada sari. Wanda ya ce zai tarbe ta a filin jirgi bai zo ba.

Nan take na ga mafita. Na ce, "Ƙanwata, shiga mota, gidana za mu. Matata na nan, akwai wuri."

Ashe mai gadin ya riga ya kira ciki. Ina ɗaga ido na hango Hajiya tana tahowa da sandarta a kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan mai zafi, a hankali, manaja na biye da ita yana riƙe mata lema.

Na tare ta. "Hajiya, an gama magana, Karama zan kai ta."

Ta dube ni. "Wurinka ta zo?"

"Ai duk ɗaya ne."

"Sunan wa take kira?"

Hajiya ta wuce ni. Ta kwance jaririn daga bayan uwar, ta ga yadda wuyansa ya yi ja, ta shiga hura masa iska.

Manaja ya ce, ni kuma ina fassarawa, "Mama, ta shiga ta huta, ta ci abinci, babu laifi. Amma in rana ta faɗi yaron yana ciki, dole in rubuta. Kin san na nawa ne."

Hajiya ta ce, "Tambaye shi, shi ɗan garin nan ne?"

Ya yi murmushi, ya ce a'a.

"Ranar da ya zo, a ina ya kwana?"

Na so in sassauta tambayar, amma babu ta inda za a sassauta ta. Mutumin ya sauya hannun da ke riƙe da lemar. Ya ce a ɗakin ɗan kawunsa, a ƙasa, cikin mutanen da bai san sunansu ba. Sai ya ƙara da cewa, "Mama, ba ni na kafa dokar ba. In ban rubuta ba, ni za a rubuta."

Ta gyaɗa kai. "Gaskiyarsa. Abincinsa yake karewa. Ku zo mu shiga."

Ban taɓa ganin yinin da ya yi gudu kamar wannan ba. Aka ci tuwon. Aka yi wa jariri wanka. Aka yi La'asar. Yarinyar ta kwanta a gadon Hajiya, barci ya ɗauke ta kamar an jefa dutse a rijiya. Ni ina falo ina kallon inuwar dabino tana ƙara tsawo a jikin labule. Matata ta kira, na kashe. Na leƙa ta taga, ga manaja can nesa yana duba wata fitila da babu abin da ya same ta.

"Hajiya, rana fa ta yi ƙasa."

"Ina da ido."

"In tashe ta?"

"Ka taɓa ta ka gani."

Sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na ji ana buɗe durowa ana rufewa. Sama ta fara yin ja. Na tsaya a tsakiyar falon da zan yi shekaru ina biya, na rasa wace addu'a ma zan yi, ta a bar yarinyar ko ta a tashe ta.

Ƙofa ta buɗe. Ga Hajiya da butarta, da dardumarta, da ledar magunguna, da rediyo. Yarinyar na bayanta, ta goya ɗanta.

"Tashi ka kai mu Al Ras."

"Wane Al Ras? Ai kin saki fulat ɗin."

Ta kwance bakin mayafinta, ga makulli a ƙulle. Ashe ko kwana ɗaya ba ta sake shi ba.

"Hajiya, benen fa? Likita ya ce..."

"Likita ya ce kar in faɗi. Bai ce kar in hau ba. Gidan da ba ya kwana da baƙo, ni ma ba zan kwana a cikinsa ba. Ni ɗin mece ce a garin nan in ba baƙuwa ba? Yalla, mu tafi."

Mun wuce get ana shirin kiran Magariba. Ta miƙa wa manaja katinta ta taga, ta ce in gaya masa bai yi laifin komai ba.

Lif ɗin Al Ras, kamar yadda kuka zata, ranar ba ya cikin ra'ayi. Hajiya ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa, ina bayanta na ware hannuwa kamar mai tsaron raga. A hawa na biyu sandar ta zame, gwiwarta ta lanƙwashe. Ta dafe bango. Matan da ke sama suka ji motsi suka sauko da gudu, "Lale Hajiya Babba! Ashe Turawan sun gaji da ke!" Suka ɗauke ta caɗak, tana ce musu marasa kunya, su ajiye ta.

Bayan wasu watanni matan nan suka matsa wa mai gidan har ya ba ta fulat a hawa na farko. Ba ta sake faɗuwa ba, alhamdulillahi. Yarinyar yanzu kwantena take lodawa, kuma har yau a falon Hajiya take sauka.

Nakan tuna abin in yi ta juya shi. Ni ƙugunta nake ƙoƙarin karewa, kuma ban yi kuskure ba, ƙugu abu ne mai muhimmanci. Sai dai na auna tsayin matakala, na auna nisan asibiti, ban auna abin da ke tashin matar nan daga gado kowace safiya ba. Hutu na saya mata, ita kuwa hayaniyar mutane ce take riƙe da ita. Har yanzu in na ji ta ce "to", sai in nemi kujera in zauna.

Gidan yana nan lafiya, da maɓallin kiran nas a gefen gado. Kwanan baya na je na nemi izinin komawa ciki da kaina, tunda ni nake biyan banki. Manaja ya karɓi katin shaidata cikin ladabi ya duba shekaruna. Saura shekara tara.