Farfesun sulhu a layinmu na Gwarinpa

Ni mai guga ne. A Gwarinpa nake aiki, a wani ɗan layin shaguna da ke bayan rukunin gidajen ma'aikata, kwana kuwa a Jiwa. Shagona na katako ne, yana manne da rumfar wani dattijo mai sayar da farfesun kayan ciki. Kowa Baba yake ce masa, har da ni kafin mu ɓata.

Hayaƙi ne ya haɗa mu. Sai in goge farar shadda in rataye, iska ta juyo da hayaƙin murhunsa ya shige cikin yadin. Wata rana wani Alhaji ma'aikacin gwamnati ya shinshina rigarsa a gabana ya ce, "Malam, guga na kawo maka ko banda?" Na je na yi wa Baba magana, ya ce murhunsa ya riga dutsen gugata zuwa layin. Magana ta yi tsawo har na ce masa ƙazami a gaban masu cin abincinsa. Daga ranar muka daina gaisawa. Abin ya tsaya mini a rai, don na san hukuncin yin gaba da mutum, ina yawan tunanin ko sallata ma tana karɓuwa. Amma duk ranar da na fito da niyyar yi masa sallama, sai in tarar yana wankin hanji, niyyar ta gudu.

Ta tsagar katako nake ganin komai, ba don ina so ba. Roba ɗaya gare shi. Ruwan da ya wanke tumbi da safe har ya koma kore, a cikinsa zai tsoma hanjin rana. Ba ya juya hanjin, da yatsu biyu yake matse shi ya jefa a tukunya. Akwai wani tsumma a kafaɗarsa, da shi yake share gumi, da shi yake fyace hanci, da shi kuma yake goge kwanon da zai zuba wa mutum.

Da muka sake yin cacar baki, masu kula da rukunin gidajen suka kira ciyaman ɗin layinmu, wani mai sayar da kayan wuta, suka ce in aka ƙara jin hayaniya za su kwashe shagona da rumfar Baba gaba ɗaya. Ni kuwa ba ni da wani wurin, duk masu kawo mini guga a gidajen nan suke.

Ciyaman ya ce mu haɗu ranar Lahadi bayan azahar a shagon mai cajin waya, don can ne ake da benci. Na tarar an cika ana kallon wani fim na fassarar Hausa a talbijin, Baba na zaune a ƙarshen benci. Ciyaman ya ce mu bari a gama, ba zai yi magana cikin ƙarar talbijin ba.

Fim ɗin na 'yan sama jannati ne. Mutanen duniya da wasu halittu na wata duniyar suna yaƙi tun zamanin kakanni a kan wani tauraro mai ruwa. Halittun fatarsu kamar ta kada, miyau na zuba daga bakinsu ko da magana suke. An yi ta harbe-harbe da kumbo har kowa ya gaji, sai aka tura wata mace matuƙiyar kumbo ta je neman sulhu. A al'adar halittun, ba a sulhu sai babbansu ya tauna wani abu baƙi, ya tofa a ƙoƙo, baƙo ya shanye. Aka nuna ƙoƙon kusa da ido, abin yana kumfa yana motsi. Na kawar da kai. Mutane kuwa sai dariya suke, mai fassarar ma yana ƙara gishiri, wai "Hajiya, daure ki rufe ido." Ta rufe ido ta shanye, aka daina yaƙi, fim ya ƙare.

Ciyaman ya sa aka kashe talbijin, ya juyo gare mu.

"To kun gani. Mace ce fa, ta haɗiye wannan masifa don a zauna lafiya. Ku me aka ce ku haɗiya? Mai guga, ba Baba haƙuri."

Na ba shi haƙuri da zuciya ɗaya, na ce na yi kuskure da na zage shi. Ya ce ya yafe, zai kuma matsar da murhu. Muka yi musabaha. Na duba tafin hannuna a ɓoye, na ce a raina shi ke nan, in na fita sai in nemi sabulu.

Sai Ciyaman ya ce, "Baba, zubo mana farfesu. Kwano ɗaya, kai da shi, a gaban jama'a."

Na yi tunanin in ce azumi nake, amma ƙarya ce, kuma kowa ya ga na sha ruwan leda ana cikin kallo. Na ce, "Ciyaman, wallahi na ƙoshi, yanzu na ci abinci."

"Ka ƙoshi," in ji Baba, "ko kana tsoron na sa maka wani abu a ciki?"

A wurinmu, mutumin da kuka shirya da shi yanzu, in ka ƙi cin abincinsa, ka ce yana neman yi maka sammu ke nan. Wannan ta fi kiran mutum ƙazami muni nesa ba kusa ba, kuma ba ta wankuwa. In na faɗi ainihin dalilina kuwa, na maimaita zagin da na gama ba da haƙuri a kansa. Ko wanne na zaɓa, sabon faɗa ne, shagona kuma ya tafi.

Mai cajin waya ya ce, "Oga mai guga, ai naka da sauƙi, ba a tauna maka ba."

Baba ya dawo da kwano, na ga inda tsumman ya bi a gefensa. Man ya taru a sama, ga wani guntun hanji mai kauri, cike, an ɗaure bakinsa. Na yi ta zagaya shi da cokali ina neman huhu ko hanta. Baba ya sa yatsunsa ya turo mini shi gabana.

"Ci wannan, ɗana, shi ne mai daɗin. Kai na ajiye wa."

Na yi bismilla na sa a baki. Da na ciza ya fashe, wani abu mai ɗaci da yashi-yashi ya cika mini baki. Idona ya kawo ruwa, aka ce yaji ne. Na haɗiye, ya dawo maƙogwaro, na sake haɗiyewa.

"Yaya ka ji?" in ji Baba.

Na nemi abin da zan faɗa wanda ba ƙarya ba ne. Na ce, "Gishiri ya ji daidai."

Aka yi fatiha aka watse. Na wuce bayan layi na yi amai a kwata, ina waige kar wani ya gan ni ya kai labari. Daga baya na shiga damuwar ko amai da gangan bayan sulhu yaudara ce, sai na tuna ba da gangan na yi ba.

Shagona yana nan. Baba ya matsar da murhun kamar yadda ya ce, hayaƙi ya ragu, muna gaisawa safe da yamma. Sai dai tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya zubo mini farfesu kyauta, ya kawo da kansa. Ba zan iya zubarwa ba, abinci ne, zubar da shi zunubi. Ba zan iya ba wani ba, don na san abin da ke ciki shi bai sani ba. Baba ma ba ya barin in yi shawara, tsayawa yake a bakin ƙofa yana ba ni labarin tsadar kayan ciki a mayanka, ba ya tafiya sai ya ga na kai loma baki.