Gida na Biyar a Katakon Malam Ilu

Da hantsin ranar Talata, goma sha uku ga watan Agusta na 1957, ina zaune a teburina na rubuta wa mutane wasiƙu, wani tela ya tsaya a kaina ya ce Malam Ilu mai zanen riga ya cika. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ciwon ƙirjin da ya shekara yana cinsa ne ya zama ajalinsa, a ɗakinsa na Fagge, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Kafin azahar muka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Mutanen da suka bi gawar ba su da wuyar ƙirgawa, kuma wannan ya yi mini ciwo, ko da yake ni ne na ƙarshe da ya cancanci ya yi wannan ƙorafi.

Malam Ilu, yau da kai zan yi magana, tunda shekara huɗu na hana ka jin muryata in ban da sallama.

Mutanen Fagge sun san ka da zana aikin wuyan riga. Kai kake shata wa masu ɗinkin hannu layin da allurarsu za ta bi, kuma duk wanda ya saba da aska takwas ɗinka ba ya yarda da ta wani. Na tuna Baba Gana, tsohon maɗinkin nan da idonsa ya yi rauni har aka daina ba shi aiki. Kai ka riƙa zana masa nasa da kaurin layi ninki biyu, ka kuma hana kowa ya gaya masa, shi ya sa ya mutu yana bugun ƙirji cewa ganinsa bai ragu ba. Haka kake alherinka, a ɓoye, kamar mai jin kunyar abin da ya yi.

Amma zuciyarka ba a riga take ba. Duk guntun takardar da ta faɗo hannunka sai ka cika ta da dabbobi masu hula da takalmi, suna ciniki, suna gardama, suna hararar juna kamar mu. Biyu ka fi so: Bushiya tela, mai yawo da alluransa a gadon baya, da Kunkuru akawu, mai sa agogo amma kullum a makare. Na taɓa ce maka ai bushiya mace ce a bakin Bahaushe. Ka ce naka namiji ne, in ban yarda ba in dubi hularsa.

Ka kai zanenka wurin masu buga littattafai, suka duba, suka yi dariya, suka ce babu mai sayen wasan yara. Ba ka yi fushi ba. Ka sayi katako mai laushi wurin kafinta, ka wasa wuƙa, ka raba katakon gida huɗu, kowane gida da abin da ke faruwa a cikinsa, ka sassaƙa labarin da hannunka. Sannan ka tsallaka Sabon Gari wurin Obinna, wanda ke da ɗan injin buga takardun gayyata a bayan kasuwa. Shi kaɗai ya yarda ya shafa wa katakonka tawada.

A nan aka yi kuskuren da ya zama arzikinka. Kai ɗan makarantar allo ne, hannunka daga dama yake farawa. Labarin da ka sassaƙa shi ne Kunkuru ya kawo sabuwar riga a rage masa, Bushiya ya gwada, ya hau keken ɗinki, ƙayarsa ta mayar da rigar tsumma. Tsokanar telolin Fagge ka yi niyya. Abin da ba ka sani ba shi ne katako juyewa yake a kan takarda, dama ta koma hagu. Da takardar ta fito, telolin Fagge suka duba daga dama kamar yadda suka saba, suka ga tsumma ya shiga hannun Bushiya ya fito sabuwar riga, suka liƙa ta a shagunansu suna alfahari. Akawunan Sabon Gari kuwa suka duba daga hagu, suka ga tela ya lalata rigar mutum, suka ce ai dama halinsu ne. A teburin mai shayi na Bata sai da aka raba wani tela da wani akawu, kowa riƙe da takarda iri ɗaya yana rantsuwa ɗan'uwansa ne makaho.

Na zaci za ka ji kunya. Da na iske ka, dariya kake har da riƙe ciki. Ka ce mini, "Malam Sammani, ashe labari biyu na sayar a kuɗin ɗaya. Zo ka sa musu baki."

Haka na shiga aikin. Daga ranar, da gangan kake sassaƙa kowane labari yadda zai karantu ta kowane gefe. Ni kuma in rubuta magana iri biyu: ajami a sama, yana tafiya daga dama, boko a ƙasa, yana tafiya daga hagu. Obinna ya jera baƙaƙen bokon, kai kuma ka sassaƙa ajamin a juye, kana dubawa da madubin maiɗakinka Rabi'atu, wadda ta gaji da nemansa har ta bar maka. Kowane wata biyu muna fitar da ɗaya, kai da kanka kake zagawa da su a cikin jakar fata. Shekara uku muka yi a haka, kuma ban san wasu shekaru da suka fi su daɗi a rayuwata ba.

Sai tarzomar watan Mayu ta 1953 ta zo. Ba zan bayyana ta ba, duk wanda ke Fagge ko Sabon Gari a lokacin yana da abin da yake ƙoƙarin mantawa. Ta same ka a shagon Obinna, ya ɓoye ka kwana biyu a bayan tarin takardu. Da ka fito za ka gida, adda ta raba ka da yatsu biyu na hannun dama, kuma har ka mutu ba ka faɗi daga wane gefe ta zo ba. Ni kuwa ƙanena Maje ya fita neman 'yarsa, aka dawo mana da shi a kan amalanke. Da hannuna na yi masa wanka. A ranar na yi rantsuwa ƙafata ba za ta sake taka Sabon Gari ba, alƙalamina kuma ba zai sake taɓa takardar da za a buga a can ba.

Bayan wata biyar ka zo mini da sabon katako, ka sassaƙa shi da yatsu uku. Gida uku ne kawai. In an fara ta gefenmu na dama, Bushiya da Kunkuru suna cin tuwo a akushi ɗaya; a gida na biyu ƙayar Bushiya ta ɗan miƙe, kan Kunkuru rabi a waje; a na uku waya mai ƙaya ta raba su, irin wadda aka ja tsakanin unguwannin nan biyu. Ta gefen Sabon Gari kuwa daga waya za a fara a ƙare a akushi.

Na ce maka, "Wato su ka ba akushi, mu ka bar mu da waya?"

Ka ce, "Mu na sassaƙa mana abin da ya faru. Su na sassaƙa musu abin da nake roƙo."

Na tura maka katakon da ƙafa. Da ƙafa, Malam Ilu, kuma ka sunkuya ka ɗauka da wannan hannun, ka kaɗe masa ƙasa, ka yi mini sallama. Masu iya ajami da boko sun fi ashirin a Fagge, an ba ka shawara ka nemi wani. Ka ce Bushiya da bakin Sammani yake magana, in Sammani ya yi shiru to Bushiya ya zama bebe. Takardar ba ta sake fitowa ba. Aikin riga ma ya ja baya, domin layinka ya fara karkarwa, wasu kuma suka janye saboda ba ka daina zuwa gaida Obinna ba. Ina jin abin da ake faɗa a kanka a majalisa, ban taɓa tanka wa kowa ba. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ka aiko a ce mini in zo in ga katako. Na ce sai bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, ban je ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a zaure, sai ga Obinna, ya yi furfura, ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi. Babu wuri sai kusa da ni, kuma na ɗan jima kafin in matsa. Ya yi gaisuwa kamar yadda ake yi, sannan ya juyo ya ce a hankali, "Malam Sammani, ni ma an kashe mini ƙanen matata a ranar tarzomar nan. Amma kullum Ilu ya zo sai ya ce in bar tawada a ajiye, kana nan zuwa."

Muna nan Rabi'atu ta aiko daga cikin gida da wani abu a naɗe da tsohon zane, ta ce ka bar wasiyya a ba ni hannu da hannu. Katakon ne. Amma ka haɗa masa wani guntu da ƙusa a bayan gidan waya, ya zama gida biyar. A na huɗu ga su nan kuma, ƙaya rabi a kwance, kai rabi a waje. Na biyar akushi ne. Wato ka gyara abin da na yi fushi a kansa: waya ta koma tsakiya, duk ta inda mutum ya fara, a akushi zai ƙare. Sai dai gida na biyar bai kammala ba. Ka gama akushin, ka gama Kunkuru yana zaune ya wanke hannu, amma wurin Bushiya katako ne sumul, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Rabi'atu ta ce ƙarfinka bai ƙare ba a lokacin, ajiye wuƙar ka yi, ka ce sai Sammani ya zo ya faɗi abin da Bushiya zai ce, sannan ka san yadda za ka yi masa fuska.

Washegari na yi kaffarar rantsuwata, na ɗauki katakon na tsallaka. Obinna ya gwada bugu ɗaya. Duk inda ba a sassaƙa ba tawada ke kamawa, don haka wurin Bushiya ya fito baƙi ƙirin. Ya tambaye ni ko a nemi kafinta ya ƙarasa. Na ce kada wanda ya taɓa. Wannan gida shi ne farko ga mai karatu daga hagu, sai Obinna ya jera a ƙarƙashinsa: "Kunkuru yana jira." Ga mu mutanen Fagge kuwa shi ne ƙarshe. Abin da na zarge ka da shi, cewa ka bar mu da mummunan ƙarshe, ga shi ya tabbata, kuma ba kai ka yi ba.

Babu mai sassaƙa ajami yanzu, saboda haka da alƙalami nake bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Ɗari biyu muka buga. A saman baƙin nan, a kowace takarda, abin da nake rubutawa shi ne: "Nan ne wurin Bushiya. Ni Sammani na hana shi zuwa." Na kai ta tamanin da huɗu, kuma hannuna bai saba da shi ba har yanzu.

Na ji masu cewa mai zanen abu mai rai yana da tambayar da zai amsa. Ni ba malami ba ne, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, Shi kuma Ya fi kowa sanin abin da ka nufa. Abin da zan iya shaida shi ne ban taɓa ganin ka zana wani abu don ka wulaƙanta ɗan Adam ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Ilu, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha da haƙurin da ya yi da mu su zama masa nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Rabi'atu, da 'yarsa Huseina, da 'yan'uwansa, da Obinna, wanda ya riƙe amanar abota lokacin da ni na yar. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuwa, duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, ta dama ya fara ko ta hagu, in ya iso baƙin gidan ya yi wa Malam Ilu addu'a, sannan ya roƙa mini Allah Ya sa Malam Ilu ya riga ya yafe mini kafin ya cika, domin ban je na tambaye shi ba.

Sammani mai rubuta wasiƙu, Fagge.