Madubin Kho Mai Aski

Shekara arba'in da ɗaya Kho Bun-tiong ya yi yana aski a wani siririn lungu a garin Tainan, talatin daga ciki kuwa cikin rigima ya yi su da matar da ke tsallaken lungun. Shagon nasa ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa, butar shayi, sai wani ƙaton madubi da ya gada wurin maigidansa. Madubin nan ne tushen fitinar. A bangon ciki yake, fuskarsa na kallon waje, ya saita ƙofar matar, Siu-khim mai madarar waken suya. Kowa kuwa a garin ya san madubi ba ya riƙe sharri, duk abin da ya shigo masa sai ya cilla wa na gabansa.

Ranar da madararta ta tsinke, madubi ne. Ranar da mijinta ya zame a banɗaki, madubi ne. Da abin ya ishe ta, sai ta sayo ƙaramin madubi mai kusurwa takwas ta rataye a saman ƙofarta don ya mayar da aike. Kho ya fito ya dube shi, ya ce to madalla, yanzu sharrin sai ya yi ta zarya a lungu har ya gaji ya kwanta.

Shi dai cewa yake bangon nan kaɗai ne zai iya ɗaukar nauyin madubin. Da gaskiyarsa, amma har da taurin kai, don Kho in ya kafe ko da igiya ba a janyo shi. Kuma yana son abin da yake gani. Almakashi na aiki a ƙeyar mutum, shi kuwa ga lungu duka a gabansa: tururin tukunyarta, masu babur, ɗanta Tsi-hong yana girma har ya tafi aiki birnin Taipei. Da mijinta ya rasu, Kho ya rufe madubin da jar takarda kwana bakwai, kamar yadda ake yi don makoki, ba wanda ya roƙe shi. Ba ta yi godiya ba. Amma da tasa matar ta rasu, kullum da safe sai ta tsallako da kwanon madara mai zafi, ta dire masa, ta ɗora da zagi. Rayuwar ta yi masa daidai, bai taɓa neman wata ba.

Wata Asabar Tsi-hong ya zo gida, ya shigo aski. Kho ya ɗaura masa ƙyalle a wuya ke nan sai Tsi-hong ya ce, "Kawu, ƙarshen wata zan tafi da Inna. Ka huta da faɗa."

"Ita ta ce za ta?"

"Ina fa! Amma shekararta saba'in da shida, ita kaɗai a gida. In ta faɗi, wa zai sani? Sai dai wari ya sanar da mutane."

Kho ya ji tsoro ƙwarai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka rufe matarsa. In matar nan ta tafi, da wa zai yi magana da safe? Ya ajiye almakashin.

"Kada ka waiwaya," ya ce. "Dubi gabanka. Me ka gani?"

"Ƙofarmu."

"Shida saura minti goma take ɗaga ƙofar nan. Larabar da ta wuce har shida da kwata ba ta ɗaga ba, na tsallaka na buga. Gwiwa ce ta riƙe. Na kamo ta na zaunar, ta jefe ni da ludayi. Ka ga kwalbar can a taga? Maganin hawan jini ne, ƙarfe tara take sha. In ta manta, sai in leƙa in ce mata tsufa ya cinye ƙwaƙwalwa, ta sha don haushi."

Tsi-hong ya ƙura wa madubin ido. Can sai ga uwar tasa a ciki, ta tsallako da tsumma a kafaɗa, ta tsaya bakin ƙofa. Ashe ta ji komai.

"Au, leƙen asirina kake yi, tsohon banza? Shekara talatin!"

"Wane asiri gare ki ban da madara mai ruwa?"

"Ka ji ko?" ta ce da ɗanta. "Wannan kake so in gudu in bar wa lungu, ya ce ya kore ni? Ko gawata ba za ta hau jirgin ƙasa ba."

Tsi-hong ya yi dariya har ƙwalla ta zubo masa, ya goge da ƙyallen aski. Da aka gama, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya maƙala a jikin katakon madubin. "Kawu, don Allah kada ka matsar da shi," ya ce. Ranar Lahadi ya koma Taipei shi kaɗai.

Da safiyar Litinin Siu-khim ta kawo kwanon madara, ta dire. Maimakon ta juya, sai ta tsaya tana ƙare wa madubin kallo, ta yatsina fuska. Ta zare tsumman kafaɗarta ta wurga wa Kho a ƙirji.

"Gefen hagun nan duk ƙura ne, ƙazami. Goge shi. In ta can na faɗi fa?"